Kafin ka ce "kwas ba komai ba ne", duba irin aikin da kake nufi

Duk lokacin neman gurbin karatu sai muhawarar nan ta taso. Wasu su ce kwas shi ne komai, in ka kuskure zaɓi ka kuskure rayuwa. Wasu su ce ai kwali kawai ake nema, karanta duk abin da aka ba ka. Ni a ganina maganganun biyu duk suna cutar da yara, domin kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya shafi wasu ayyuka ya shimfiɗa shi a kan dukkan ayyuka.

Masu cewa kwas ba komai ba ne suna da hujja. A 2013 wasu masana tattalin arziki biyu na Babban Bankin Amurka reshen New York, Jaison Abel da Richard Deitz, sun gano cewa kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na masu digirin farko a ƙasar ke aikin da ya yi daidai da abin da suka karanta. A 2014 kuma hukumar ƙidayar Amurka ta ce kashi 74 cikin 100 na masu digirin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi ba a waɗannan fannoni suke aiki ba. Sai dai a lura da yadda aka yi ƙidayar. Wanda ya karanta ilimin halittu ya zama likita, da wanda ya karanta lissafi yake koyar da shi a sakandare, duk an sa su cikin waɗanda suka bar fanni. Wa zai ce karatunsu bai yi musu amfani ba?

Akwai ayyukan da doka ta kulle ƙofarsu: likitanci, haɗa magunguna, jinya, zanen gine-gine, da injiniyan da zai sa hannu a kan taswirar gada. A nan babu batun basira ko "zan koya da kaina". Sai digirin da hukumar sana'ar ta amince da shi, sai horon aiki, sannan lasisi. Kuma nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Ɗalibi ya ga sunan kwas ya yi kama da wanda yake so, ya shiga, ya yi shekara 4, sannan ya gane cewa ilimin sanin sassan jikin mutum daban, likitanci daban. Ko kuma kwas ɗin daidai ne, amma hukumar sana'ar ba ta tantance shi a wannan jami'ar ba, ya gama a hana shi rajista. Maganin wannan bai wuce bincike na awa ɗaya ba: a buɗe shafin hukumar da ke ba da lasisin, a nemi jerin makarantun da ta amince da su, a duba har da shekarar da amincewar za ta ƙare. Kar a tsaya ga abin da tallar jami'a ta faɗa.

Wasu sana'o'in kuwa suna da hanyar shiga daga baya, amma biya ake yi da lokaci da kuɗi. A Amurka ana shiga makarantar lauyoyi da digirin kowane fanni, a yi shekara 3. A Ingila, tun 2021, mai digirin tarihi ko kimiyya zai iya zama lauya ta jarrabawar samun lasisin lauya da ake kira SQE da shekara 2 na sanin makamar aiki. Akanta ma haka. A tsarin da aka daɗe ana bi na ACCA, wata ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta duniya, jarrabawa 13 ce da wata 36 na aiki, amma wanda ya karanta akanta ana iya yafe masa har 9 daga ciki. Ka ga hanya a buɗe take ga kowa, sai dai wani ya riga wani nisa.

Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne sauya fanni ya fi sauƙi ta wata fuskar fiye da wata. Injiniya ko mai digirin lissafi yana komawa banki, kasuwanci ko gudanarwa ba tare da wahala sosai ba. Mai son yin akasin haka shi ke shan wuya, saboda lissafi da ƙididdiga hawa-hawa ake gina su, wanda ya rasa tushe ba zai cike gurbin da kwas ɗin wata 3 a intanet ba. Shi ya sa nake ganin ɗalibin da bai yanke shawara ba, in har yana iya lissafi, kada ya yi saurin yar da shi. Ko da adabi ko tarihi yake karantawa, ya ɗauki darasin ƙididdiga ɗaya ko biyu cikin darussan zaɓi.

Sauran ayyuka, kuma su ne mafi yawa, digiri kawai suke tambaya: tallace-tallace, kula da ma'aikata, aikin jarida, aikin gwamnati, ƙungiyoyin agaji. Mai ɗaukar aiki a nan yana son ya ga za ka iya rubuta rahoto mai shafi 2 ba kame-kame, ka sarrafa alƙaluma a Excel, ka tsaya gaban mutane ka yi bayani. Ana yawan kawo misalin Angela Merkel, wadda ta karanta fiziks ta shugabanci gwamnatin Jamus daga 2005 zuwa 2021. Gaskiya ne, amma siyasa ba ta neman lasisi. Misalin ba zai mai da kowa likitan haƙori ba.

Ga ɗalibin da ke cikin ruɗani, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tattara tallar aiki 20 zuwa 30 na irin aikin da kake buri, ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku: digirin da suka ambata, takardun shaidar da suka nema, da abin da suke so ka iya da hannunka. In fiye da rabi sun ambaci kwas guda da sunansa, to kwas ɗin dole ne. In "ko makamancinsa" suka rubuta, ka mai da hankali kan gida na uku. Sannan ka karkata aikin binciken kammala digirinka da horon sanin makamar aiki zuwa wannan fannin, domin su ne abin da za ka nuna ranar ganawa tunda ba ka taɓa aiki ba.

In kuma binciken ya nuna kwas ɗin da kake ciki ba zai kai ka ba, ka nemi sauyi tun a shekarar farko, lokacin da darussa suka fi kama da juna tsakanin sassa. A shekara ta uku yawancin abin da ka ci ba zai bi ka sabon sashe ba, kuma jami'o'i da dama suna gindaya mafi ƙarancin maki kafin su yarda da sauyin, don haka kwas ɗin da kake shirin bari ma sai ka ci shi da kyau.