Faifan da aka ɗauka a Apapa, da yadda ake ba da labarinsa

Duk lokacin da masu rubutu kan kiɗan Turawa suka zo kan labarin kundin waƙoƙin Band on the Run, wanda Paul McCartney da ƙungiyarsa ta Wings suka fitar a ƙarshen shekarar 1973, kusan hanya ɗaya suke bi. Suna nuna Legas a matsayin wata jarabawa da mawaƙin ya tsallake da ƙyar, inda ruwan sama da 'yan fashi da lalatattun na'urori suka taru masa, amma duk da haka ya fito da aikin da ya fi kowane aiki nasa karɓuwa tun bayan rabuwar tsohuwar ƙungiyarsa ta Beatles a 1970. Waɗannan abubuwa sun faru, ban musanta ko ɗaya ba. Abin da nake ja da shi shi ne cewa an yi faifan ne duk da cikas ɗin da Legas ta kawo. Ni a ganina, yanayin aikin da suka tarar a Apapa yana cikin dalilan da suka sa faifan ya yi kyau, kuma ya kamata a faɗi hakan a fili.

A lokacin da McCartney ya yanke shawarar barin Ingila don yin wannan aiki, sunansa na cikin wani hali. Kundin farko na Wings, wanda ya fita a 1971, ya sha suka mai zafi, na biyun ma ya sayu amma bai rufe bakin masu sharhi ba. Sai ya nemi kamfanin fayafayan kiɗa na EMI ya ba shi jerin ɗakunan ɗaukar sauti da yake da su a ƙasashen waje, ya duba, ya zaɓi Legas, yana tsammanin zai riƙa wuni a bakin teku, da dare kuma ya shiga aiki. Ana saura kwanaki a tashi, mai kaɗa jita Henry McCullough ya fice daga ƙungiyar bayan saɓani a wurin gwaji a Sikotland, sannan mai ganga Denny Seiwell ya bugo waya a jajibirin tafiya ya ce shi ma ba zai je ba. Saboda haka ƙungiyar mutum biyar ta sauka a Legas da mutum uku: Paul, da matarsa Linda, da Denny Laine, tare da injiniyan sauti Geoff Emerick.

Sun iso ana tsakiyar ruwan ƙarshen damina, a zamanin mulkin soja na Janar Yakubu Gowon, shekara uku da 'yan watanni bayan ƙarewar yaƙin basasa. Masaukinsu na Ikeja kusa da filin jirgin sama, situdiyon EMI kuwa yana titin Wharf a Apapa, tafiyar da ke cin kusan awa guda a mota. Situdiyon ƙarami ne, teburin haɗa sautinsa na da matsala, na'urar ɗaukar sauti kuma guda ɗaya ce tak, ƙirar Studer mai layi takwas.

Wannan magana ta layi takwas ita ce zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan tsaya a kanta. A wancan zamani ana ɗaukar sauti ne a kan faffaɗan zaren tef, wanda na'ura ke rabawa zuwa layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowane layi yana riƙe da sautinsa daban, ta yadda daga baya injiniya zai iya ɗaga ganga ya sassauta jita ba tare da ya taɓa murya ba. Idan layuka takwas ne, to gurabe takwas ke nan. Ganga kaɗai tana iya cinye biyu ko uku, jitar bes ta ɗauki ɗaya, sauran jitoci da fiyano da muryar mai waƙa da ta 'yan amshi su raba abin da ya rage. Idan wuri ya cika kuma ana son ƙari, dole a narkar da layuka biyu ko uku a kan layi ɗaya a share na asalin, kuma da zarar an yi haka babu komawa baya, duk abin da aka haɗa ya haɗu ke nan har abada. Mai aiki a irin wannan hali ba ya da damar cewa a ɗauki komai tukuna, a gyara daga baya. Dole ne ya san yadda yake son waƙar ta kasance tun kafin tef ya fara juyawa.

Masu kuka da wannan na'ura suna mantawa da wani abu. Emerick ɗin nan shi ne ya ɗauki kundin Sgt. Pepper na Beatles a 1967 da na'ura mai layi huɗu kacal, kuma kundin Abbey Road na 1969 da layi takwas aka yi shi. Gaskiya ne a 1973 manyan situdiyoyin Landan sun koma layi goma sha shida, amma abin da Apapa ta yi wa McCartney da Emerick shi ne mayar da su kan tsarin aikin da suka fi ƙwarewa a kai, tsarin da ke tilasta wa mutum yanke shawara.

Rashin mai ganga ma haka ya yi aiki. McCartney da kansa ya zauna a kan ganga, Laine yana raka shi da jita don a aza harsashin waƙa, sannan a dawo a ɗora bes, a ɗora babbar jita, Linda ta sa nata kiɗan madannai da amshi, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya saurari faifan da kunnen basira zai ji cewa kiɗan gangar ba shi da ado mai yawa, yana bin waƙar ne kawai, yana buɗe wa murya hanya, domin wanda ke kaɗa ta shi ne ya rubuta waƙar kuma shi ne zai rera ta. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta tana da sassa uku masu saurin kiɗa daban-daban, kuma irin wannan gini ya fi sauƙin tsayuwa idan kai ɗaya ne ke riƙe da taswirarsa daga farko har ƙarshe.

Batun fashi gaskiya ne kuma abin takaici ne. Wata rana da dare Paul da Linda suna tafiya a ƙafa, bayan an gargaɗe su kada su yi haka, wasu mutane a mota suka tsayar da su da wuƙa suka karɓe kayansu, ciki har da kasusuwan gwajin waƙoƙin da littafin da ya rubuta baitoci. Wannan ya sa ya dogara da abin da ƙwaƙwalwarsa ta riƙe. Akwai kuma ranar da ya faɗi a wajen situdiyo numfashinsa na sarƙewa, aka ɗauka ciwon zuciya ne, daga baya likita ya ce matsewar hanyar numfashi ce sakamakon yawan shan taba. Taba dai ba a Legas ya koye ta ba, amma har wannan ma ana lissafa shi cikin laifukan garin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne karonsu da Fela Kuti. McCartney ya je gidan rawan Fela, ya ga ƙungiyar Africa 70 tana wasa, kuma ya sha faɗa daga baya cewa kiɗan ya ratsa shi har ya zubar da hawaye. Fela kuwa ya fito fili ya zargi baƙin da cewa sun zo satar kiɗan Afirka ne. Ya je har situdiyo, McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji da kunnensa cewa babu kiɗansa a ciki. Sau da yawa ana kawo wannan labari kamar Fela ya yi rigima ce marar dalili, ni kuwa ina ganin yana da hujjar yin tambaya. Tarihin kiɗan rock kansa cike yake da Turawan da suka yi arziki da salon baƙaƙen fatar Amurka, masu salon suka mutu da talauci, kuma mutumin da ya zauna a Landan ya kuma zauna a Amurka kamar Fela ya san wannan sarai. Sai dai tambayar ta zo da asara, domin duk wata niyya ta gayyato makaɗan Legas cikin aikin ta mutu a nan. Ɗan Najeriyar da ya kaɗa a kundin, Remi Kabaka, a Landan aka ɗauki kiɗansa a waƙar Bluebird.

Akwai wata hujja da ke raunana labarin cewa ba su da zaɓi. Ginger Baker, tsohon mai gangar ƙungiyar Cream kuma aminin Fela, wanda ya keto Sahara da mota har Najeriya a 1971, yana da situdiyonsa na ARC a Ikeja mai layi goma sha shida, kuma ya so a yi aikin gaba ɗaya a wurinsa. Wings sun je sun yi aikin yini ɗaya a kan waƙar da McCartney ya rubuta game da kalmomin ƙarshe na mai zane Picasso, inda Baker ya zuba tsakuwa a gwangwani yana girgizawa a matsayin kacau-kacau, sannan suka koma Apapa suka ci gaba da na'urarsu mai layi takwas. Ko da alaƙarsu da EMI ce ta sa haka, sakamakon ya nuna ba su yi asarar komai ba.

A ƙarshen Satumba suka koma Ingila, a watan Oktoba kuma aka kwashe sautin zuwa tef mai layi goma sha shida a situdiyon AIR na George Martin, tsohon furodusan Beatles, a Landan. A can aka ɗauki waƙar Jet, Howie Casey ya busa algaitarsa ta Turawa, Tony Visconti kuma ya tsara kiɗan makaɗa kusan sittin cikin 'yan kwanaki. Wannan ado ya ƙara wa faifan girma, ba na raina shi, amma an ɗora shi ne a kan ginin da aka riga aka kammala a Apapa. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1974, kuma a 1975 Emerick ya karɓi kyautar Grammy ta ingancin ɗaukar sauti a kansa. Wato aikin da aka fara da teburin da ake kira lalatacce shi ne masana suka zaɓa a matsayin wanda ya fi kyawun sauti a shekararsa.

Visconti bai samu cikakkiyar shaidar aikinsa a jikin kundin ba sai da aka sake fitar da shi a 1999, bayan shekara 25. Ma'aikatan EMI na Legas kuwa, waɗanda suka san halin wannan na'ura, suka ɗaura tef suka sauke, suka kula da ita a lokacin da kamfanin ke fitar da fayafayan Fela da na sauran makaɗan ƙasar nan, da wuya ka ji an tsaya a kansu idan ana ba da labarin. Ina so wani ɗan jarida ko mai binciken tarihin kiɗa na Najeriya ya nemi waɗanda suka rage a cikinsu ko iyalansu, ya rubuta yadda waɗannan makonni suka kasance daga ɓangaren masu aikin situdiyon, tun ana iya samun mai ba da labari.