Masu ɗaukar bidiyon izgili a wurin bautar Sinawa, ku ajiye wayar nan

Wannan sabon yayin da wasu 'yan kasuwarmu na Guangzhou suka ɗauko ya ishe ni, wallahi. Mutum ya gama loda kwantenarsa, jirginsa sai jibi, sai ya ɗauki waya ya faɗa wurin bautar mutane yana haska fuskar tsohuwa tana sunkuye da turaren tsinke a hannu, yana ƙyaƙyata dariya yana cewa ku zo ku ga masu bautar gumaka, a ɗora a TikTok, 'yan kwamen su taru a yi ta tsinuwa. Kuma wai shi a ransa aikin lada ya yi.

Ginin da na gane a wani bidiyon da aka turo min shi ne Sanyuan Gong, wurin bautar mabiya addinin Tao da ke gindin dutsen Yuexiu, bayan zauren tunawa da Sun Yat-sen, jagoran juyin juya halin ƙasar Sin. Daga Xiaobei inda mutanenmu suke sauka da ƙafa ma za ka iya zuwa. Na taɓa shiga, ban sunkuya wa kowa ba, ban kunna turare ba, na hau matattakalar na zagaya na karanta abin da zan iya karantawa na fito da imanina yadda na shiga da shi. Abin da na fito da shi ƙari shi ne tarihin da mai bidiyon nan bai san yana tsaye a kansa ba.

An kafa wurin a shekara ta 319, wato kusan shekara 250 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Wanda ya gina shi Bao Jing ne, gwamnan yankin Nanhai a lokacin, kuma 'yarsa Bao Gu ya gina wa. Ita Bao Gu likita ce, ta shahara wajen ƙona busasshen ganye a kan fata don magance ciwo, har yau akwai ɗaki da sunanta a cikin ginin. Mijinta kuwa shi ne Ge Hong, malamin Tao kuma mai haɗa magunguna, wanda ya ƙare rayuwarsa a dutsen Luofu a nan lardin Guangdong da Guangzhou take ciki. To shi Ge Hong ɗin nan ya rubuta wani ɗan littafi na magungunan gaggawa, a ciki ya ce mai zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya ya samu ganyen qinghao cikin hannu guda, wani ɗan'uwan tazargade, ya jiƙa a ruwa ya matse ya sha. Bai ce a dafa ba. Wannan ɗan bayanin ne wata mai bincike, Tu Youyou, ta karanta bayan an yi ta tafasa ganyen ana rasa sakamako, ta gane ashe zafi ne ke kashe sinadarin, a 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba ya yi aiki, a 1972 aka ware sinadarin artemisinin daga ciki, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Artemisinin ɗin nan fa shi ne tushen haɗin maganin maleriya da ake kira ACT, su Coartem da sauransu da muke rugawa kemis mu saya duk damina tun da kulorokwin ya daina kama maleriya. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya baki ɗaya. Ina da yaƙinin shi kansa mai dariyar ya taɓa ɗaukar ɗansa jiki rau da zafi cikin dare, aka ba yaron wannan maganin ya tashi da ikon Allah. Yau ga shi a gidan surukin wanda ya rubuta maganin yana yi wa jikokinsu tsiya. Haba Alhaji!

Masu cewa ai da'awa ce, su faɗa min mutum nawa suka taɓa musulunta da bidiyon Hausa da Basine ko kalma ɗaya ba ya ji a ciki. Masu cewa shiga wurin ma kafirci ne, wannan magana ce ta malamai, ba ta 'yan kwamen ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kawai kada ya je, babu wanda ya ja shi. Amma shiga da izgili kam Alƙur'ani ya riga ya yanke, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su juyo su zagi Allah cikin jahilci. Ɗan Islamiyya ma ya san wannan.

Sannan abin da ya fi ƙona min rai, mu ne fa baƙi a garin. Ran Juma'a mutanenmu suna cika masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin Sin ke danganta wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, shi ma a gefen Yuexiu ɗin yake. Da wani Basine zai shigo sahu da waya yana haska masu sujada yana dariya ya watsa wa duniya, da yanzu Kano ta ɗauka, da an yi ta kiran a ƙaurace wa kayansu daga Kantin Kwari har Farm Centre. Kowa kuma ya tuna wahalar da 'yan Afirka suka sha a Guangzhou a 2020 lokacin korona, aka riƙa fitar da mutane daga masauki. Zaman da ke da rauni haka shi ne wani zai je yana tsokano mana fitina saboda layik ɗari biyu, kuma idan abin ya fashe ba shi kaɗai za a hana biza ba.

Shugabannin 'yan kasuwarmu na can su ja kunnen yaransu, malamai ma su taɓo maganar a wa'azi. Wanda kuma yake da awa biyu kafin jirginsa kuma yana son gani, ya je da wayarsa a aljihu, ya kauce wa ranakun 15 ga watan 1 da na 7 da na 10 a kalandar Sinawa saboda ranakun bukukuwansu ne wurin cika yake maƙil, ya nemi wanda zai nuna masa ɗakin Bao Gu.