An kama kaya, ina masu kayan?

A watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo suka buɗe wata kwantena da ta taso daga Najeriya za ta Biyetnam. A takarda an rubuta daskararren naman shanu ne. Da aka duba sai ga ɓawon ɗankunya, wata dabbar daji mai ɓawo a jiki da Turawa ke kira pangolin, kusan tan 13. Kafin nan, a watan Janairu, Hong Kong ta kama tan 8 na ɓawon da tan 2 na hauren giwa, shi ma daga wajenmu. Jama'a, dabba dubu nawa aka kashe kafin a tara wannan? Ɗankunya fa ko haƙori ba shi da shi, in ya ji tsoro dunƙulewa kawai yake yi, mafarauci ya sunkuya ya ɗauka. Tun 2017 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Ba na raina ƙoƙarin Kwastam da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli. An ƙone ɓawon ɗankunya a Abuja a 2023, a Janairun 2024 kuma aka niƙe tan biyu da rabi na hauren giwa. Madalla. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kullum buhuna ake nuna mana da direba ko mai gadin sito. Kwantena ba ta barin Apapa sai da takardu, akwai wanda ya biya kuɗin jirgi, akwai wanda ya sa hannu. Yawancin kayan ma ba daga dazukanmu suke ba, daga Kamaru da Kwango ake kwaso su, mu ne mashigar. Wanda ya iya haɗa wannan safara ba mafaraucin ƙauye ba ne.

Bincike na gaskiya daga ranar kamun yake farawa. A kwashe bayanan wayoyin waɗanda aka kama, EFCC ta bi sawun kuɗin ta asusun banki, a gwada ƙwayoyin halittar hauren a gano dajin da aka kashe giwar, a kuma adana shaida yadda lauya ba zai rusa ta a kotu ba.

Sannan a daina ba su zaɓin tara. Mutumin da kayansa suka kai biliyoyin naira, in ka ce ya biya 'yan miliyoyi ya tafi gida, wallahi kuɗin sufuri kawai ka ƙara masa. A ɗaure shi, a ƙwace dukiyar, jami'in da ya buɗe masa hanya shi ma ya tsaya gaban alƙali.