Tsoho ya bugu a kai, aka ce ƙaramin rauni ne

Da sanyin bara baffana ya zame a bakin makewayi da asuba, butar alwala a hannunsa, ƙeyarsa ta bugi dakali. Bai suma ba, jini bai fita ba. Muka kai shi gidan likita a nan Tahoua, aka haska idonsa, aka tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ya amsa daidai. Aka ce ƙaramin rauni ne, aka rubuta masa maganin ciwon kai, muka dawo muna hamdala.

Bayan wata biyu, mutumin da ya shekara talatin yana lissafin buhunan albasa da ka ya kasa haɗa canjin jaka biyu. Ya daina zuwa majalisa, wai hayaniya na sara masa kai. Jikar da kullum take kan cinyarsa ta zo da wasa, ya daka mata tsawa. Kowa a gidan ya ce tsufa ne, sai haƙuri.

Ni ban yarda ba, kuma ina ganin kalmar "ƙarami" ce ke yaudarar mu. Likitoci na amfani da ma'aunin Glasgow, daga 3 zuwa 15, wanda ya samu 13 zuwa 15 shi ake cewa rauninsa ƙarami ne. Ma'aunin yana nuna yadda mutum yake cikin hayyacinsa a wannan sa'ar ne kawai. Matashi kan warware cikin makonni. Tsoho kuwa jiri, mantuwa, rashin barci da saurin fushi na iya bin sa wata da watanni.

Akwai kuma haɗarin da ba ya nuna kansa da wuri. Ƙwaƙwalwa na ɗan motsewa da shekaru, jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe. Ɗan bugu na iya tsinka ɗaya, jini ya riƙa taruwa a hankali, sai bayan makonni a ga tsoho na jan ƙafa ko maganarsa na sarƙewa. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ya fi shiga wannan haɗari. Hoton sikana, na'urar da ke haska cikin kai, ke gano shi, ana kuma fitar da jinin da tiyata, amma sau da yawa sai an kama hanyar Yamai, fiye da kilomita 500.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda muka yi da hannunmu, don ƙauna. "Baba, ku zauna, kada ku fita." Muka raba shi da masallaci da kasuwa, ƙafafunsa suka yi sanyi, tsoron sake faɗuwa ya zauna masa a zuciya.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A ganina tsohon da ya bugu a kai ya cancanci dubawa ta biyu irin wannan, a rubuta masa ranar dawowa, a kuma gaya wa iyalinsa ƙarara: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci ko sanyin gefe ɗaya na jiki, a dawo da shi nan take. Mu babu wanda ya gaya mana ko ɗaya.

Da aka yi wa baffa hoton sikana, bai nuna jini ba, alhamdu lillahi. Mun sa fitila a hanyar makewayi, jikansa na riƙe masa hannu zuwa sallar Azahar, ya koma majalisa da yamma. Lissafin albasa dai har yanzu ɗansa ke yi.