Sai bango ya tsage: yadda shugaban ikkilisiya ke yi wa kansa illa

Duk wanda yake son sanin lafiyar wata ikkilisiya, ya dakata bayan addu'ar rufe sujada ranar Lahadi. Ya bi kwanon baiko da ido, ya ga hannun wa ya shiga, mutum nawa suka zauna ƙirga abin da ke ciki, a wane littafi aka rubuta. Washegari kuma ya leƙa ƙofar gidan fasto da sassafe ya ji abin da ya kawo mutane. Wannan rigimar iyakar gona, wancan makullin ɗakin kujeru yake nema, wata kuma ɗanta ne ya kwana da zazzaɓi. Idan duka waɗannan sai fasto da kansa zai warware, kuɗin ma a gidansa ya kwana, to bango ya soma tsagewa, ko da majami'a tana cika har waje.

Ikkilisiyoyin arewacin Nijeriya sun ga tashin hankali daga waje, babu mai musun haka. Amma idan aka duba masu hidimar da suka bar aiki cikin kunya ko cikin ɓacin rai, da wuya a ce maƙiyi ne ya kayar da su. Halaye ne ƙanana da suka riƙa yi wa kansu illa da su shekara da shekaru, kuma yawancinsu mutanen kirki ne masu son aikin. Ra'ayina shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa ta tsare kowa ba. Shugaba nagari shi ne wanda ya yarda a ɗaure masa hannu da tsari tun babu abin da ya faru.

Mu fara da abin da Bulus ya lissafa wa Timoti a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari. Mai kula da ikkilisiya ya zama marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, natsattse, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, ba mai son kuɗi ba, mai riƙe gidansa da kyau, ba sabon tuba ba. A cikin wannan jerin, iya koyarwa da iya riƙon gida ne kawai za a kira gwaninta. Sauran duk hali ne. Ya kuma rufe da sharaɗin da muka fi kowa bukata a nan arewa: mutumin ya zama da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba. Ma'ana, maƙwabcinsa Musulmi, da mai shagon da yake karɓar bashi a wurinsa, da mai unguwa, suna da abin faɗa a kan cancantarsa.

Mu kuwa, in lokacin zaɓen dattawa ya zo, sau da yawa ido yana tafiya kan wanda ya sayi kwanon rufi, ko wanda danginsa suka fi yawa a kujeru. Gyaran ba shi da wuya. A sanar da sunaye aƙalla makonni huɗu kafin zaɓe, domin mai magana ya samu damar kai ta a asirce. Dattawa biyu su ziyarci gidan mutumin, su ji ta bakin matarsa ita kaɗai. A bincika yadda yake biyan bashi. Wanda bai taɓa riƙe ƙaramin aiki na shekara guda ba, ko ajin makarantar Lahadi ko asusun ƙungiyar matasa, a bar shi tukuna.

Illa ta fari da shugaba ke yi wa kansa ita ce rungume komai. A Fitowa 18, Yetro ya tarar da Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya gaya masa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya ba shi shawarar naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. A yi lissafin da ikkilisiya mai gidaje 60. In fasto yana ziyartar gida uku a mako, sai bayan makonni 20 zai dawo gidan da ya fara. Kafin nan wani auren ya mutu, wani tsoho ya rasu ba a gaishe shi ba. Dattawa shida, kowa da gida goma, za su zagaye kowa cikin wata guda, su kawo wa fasto abin da ya fi ƙarfinsu kawai.

Fastoci da yawa za su ce sun gwada, bai yi ba. Akwai dalilin da ya sa bai yi ba. An ba mutum aiki, ba a ba shi iko ba: an ce shi ne mai kula da gyaran gini, amma ko ƙusa ba zai saya ba sai ya nemi izini. Ko kuma ya yi kuskure sau ɗaya, fasto ya karɓe aikin a gaban jama'a. Daga ranar kowa zai naɗe hannu. Idan za a ba da aiki, a rubuta shi cikin layi uku ko huɗu, a faɗi iyakar kuɗin da mutum zai iya kashewa ba tare da tambaya ba, a sa ranar da zai kawo rahoto, sannan a sanar a sujada domin jama'a su san ƙofar da za su buga. Akwai kuma wani darasi a Ayyukan Manzanni 6 da ake yawan tsallakewa. Masu jin Helenanci ne suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu a rabon abinci, kuma mutum bakwai da aka zaɓa duk sunayen Helenanci gare su. A ikkilisiyar da ta haɗa kabilu biyar ko shida, da sujadar Hausa da ta Turanci, ɓangaren da ke kuka ya kamata ya ga nasa a cikin masu rabo.

Sai kuɗi, inda ya kamata a daɗe. Ba da niyyar sata abin ke farawa ba. Albashi ya yi jinkirin wata biyu, yaro yana asibiti, baikon Lahadi yana cikin akwati a ɗaki. Mutum ya ɗauki dubu ashirin da nufin mayarwa ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo da nasa nauyin. A wata na huɗu ya fara gudun a karanta rahoton kuɗi, a na shida ya fara jin haushin duk dattijon da ya yi tambaya, daga nan wa'azi ya koma kan masu tayar da fitina. Wanda ya fara da aro ya ƙare da ƙarya, kuma ikkilisiyar da ta bar akwatin a ɗakinsa tana da nata laifin.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba. A 2 Sarakuna 12, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure. A 2 Korintiyawa 8, Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya sa a tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. In manzo ya nemi shaidu, babu faston da zai ce an raina shi don an nemi haka.

Ga yadda ya kamata abin ya tafi. Mutum uku su ƙirga baiko da zakka nan take a harabar majami'a, kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya, a riƙa sauya su duk wata uku. A rubuta jimla a takarda biyu, duk su sa hannu, ɗaya ga ma'aji ɗaya ga magatakarda. Kada a cire ko naira ɗaya kafin a ƙirga, ko da kuɗin motar baƙon mai wa'azi ne. A kai banki kafin Talata. Inda banki ya yi nisa, akwati mai kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu. Asusu ya zama da masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai da biyu, saƙon banki kuma ya riƙa shiga waya biyu. Yanzu da mutane ke turo baiko ta waya, kada fasto ya taɓa ba da lambar asusunsa na kansa don aikin ikkilisiya, ko da na kwana ɗaya ne. Kuɗin gini na gini ne, na gwauraye na gwauraye ne. In dole a taɓa, sai da amincewar majalisar dattawa a rubuce. Rahoto ga jama'a duk wata uku, bincike sau ɗaya a shekara daga mutanen wata ikkilisiya. Ambulan da ɗan siyasa ya kawo lokacin zaɓe ma a buɗe ta a gaban dattawa a rubuta, ko a mayar masa, domin wanda ya karɓa a ɓoye ba zai iya buɗe baki ba ranar da ya kamata. Ikkilisiya kuma ta biya ma'aikacinta a kan lokaci. Ba adalci ba ne a tsananta ƙirga baiko alhali iyalin fasto suna kwana da yunwa.

Zancen ba da shawara gajere ne, don ƙa'idarsa a fili take. Da rana, a ofis, ƙofa a buɗe, wani yana kusa. Matar da ta kawo damuwar aure, bayan zama na biyu a haɗa ta da matar fasto ko wata uwa daga Zumuntar Mata. Hirar waya da dare ta fi ofis haɗari, saboda babu mai gani. Abin da yake na asibiti, kamar mai maganar kashe kansa ko mai shan ƙwaya, a yi addu'a a kuma kai shi wurin likita.

Akwai wata illar da ta fi kama masu sanyin hali: tsoron fuskantar mutum. Eli ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi, ya yi musu magana mai laushi, bai tsayar da su ba. Shugaban da ya kasa kiran mutum gefe yakan huce a kan bagade da habaici. Kowa ya gane da wa ake, wanda ake nufi ya ƙara taurin kai, marasa laifi su tafi gida da rauni. Matiyu 18 ya shimfiɗa hanya: kai da shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikkilisiya. A yi matakin farko cikin mako guda da jin maganar, kafin ta zaga unguwa. Horo kuma ya zama da ma'auni ɗaya. Inda yarinyar da ta yi ciki take zaman bencin baya wata shida, wanda ya yi mata kuwa yana gaba don mahaifinsa dattijo ne, matasa suna gani, kuma daga ranar sun daina jin wa'azin tsarki. Haka ma idan ƙarar a kan shugaba ce: 1 Timoti 5 ya ce kada a karɓa sai da shaidu biyu ko uku, amma in ta tabbata a tsawata masa a fili. Ayar ta kare shi daga tsegumi, ba ta ɓoye shi ba.

Wasu za su ce duk wannan ya mayar da aikin Allah kamar na kamfani, ina jagorar Ruhu? Tambaya ce mai nauyi, don akwai majalisun da suka nutse cikin takardu har addu'a ta zama buɗe taro kawai. Amma mutum bakwai na Ayyukan Manzanni an nemi su zama cike da Ruhu da hikima ne domin aikin rabon abinci. Takardar ƙirga baiko ba ta hana kowa addu'a. Abin da take hanawa shi ne zargi, kuma fasto mai gaskiya ya fi kowa cin moriyarta ranar da aka yi masa ƙazafi.

Abu mafi wuyar furtawa shi ne shugaba ya yi kishin na ƙasa da shi. Sarki Saul ya ji waƙar yabon da mata suka yi wa Dawuda, sauran mulkinsa ya ƙare a farautar yaron da ya fi kowa amfanar sa. Barnaba kuwa da aiki ya bunƙasa a Antakiya, shi ya tafi Tarsus ya nemo Shawulu, wato Bulus, har daga baya sunan Bulus ya riƙa zuwa gaban nasa. Mai bishara ko ƙaramin fasto da jama'a ke son wa'azinsa ya samu bagade aƙalla sau ɗaya a wata, babba ya zauna ya ji, su tattauna ranar Talata. Wannan ba zancen kyautatawa kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos, jama'a suka warwatsu. A irin wannan rana, abin da ke riƙe garke shi ne ko akwai dattijo ko uwa da aka riga aka koya wa bi da sujada, ta'azantar da masu makoki da binne matattu. Ikkilisiyar da komai nata yake kan mutum ɗaya, ranar da hanya ta raba su da shi ta zama marainiya.

Shi ma shugaban mutum ne. Iliya da ya roƙi mutuwa a jeji, abinci da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. Fasto ya keɓe rana ɗaya a mako, a sanar da ita, a faɗi dattijon da za a nema ranar. Ya kuma samu wani mai hidima da ya girme shi, wanda ba ya ƙarƙashinsa, da za su zauna sau ɗaya a wata, mai 'yancin tambayarsa game da bashi, da aure, da abin da ke cikin wayarsa.

A ikkilisiyoyin da ake yi wa fastoci canjin wurin aiki, kamar ECWA da COCIN, ranar miƙa aiki takan fallasa duk abin da aka faɗa a sama. Mai tafiya ya bar wa mai zuwa littafin mambobi da na baftisma da na aure, takardun fili, bayanin banki na watanni goma sha biyu, jerin basussuka, sunayen waɗanda ke ƙarƙashin horo da ranar da za a dawo da su, da makullai duka. Su sa hannu a gaban dattawa biyu. Bayan ya tafi, in mambobi suka kira shi da ƙorafi a kan sabon fasto, ya gaishe su da kyau, ya ce su koma wurin wanda yake can.