Amanar da ke hannun tafintan kurame a ɗakin likita

A wani asibiti da ke cikin garin Jos na taɓa zama a benci ina jiran layi, sai ga wata mata kurma mai kimanin shekara 40 ta zo karɓar sakamakon gwajin wani ƙullutu da aka gani a mamanta, tare da yayanta da wata matashiyar tafinta. Kafin a kira su, yayan ya ja tafintar gefe, ya rage murya duk da cewa ƙanwar tasa ba ta ji, ya ce: "Malama, don girman Allah, in likita ya ce daji ne kada ki gaya mata. Ki ce ƙari ne kawai, za a cire." Tafintar ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: "Alhaji, na san tausayinta kake ji, amma abin da likita ya faɗa shi hannuna zai faɗa. In kuna so a bi da ita a hankali, sai ku roƙi likita." Duk abin nan matar tana kallon fuskokinsu daga inda take zaune, kuma kurma ya fi kowa iya karanta fuska.

A ganina tafintar ta yi daidai, ko da yake ba na zargin yayan da mugunta. Mun tashi mun tarar ana ɓoye wa majinyaci girman ciwonsa, ana ce masa "da sauƙi" har ranar da sauƙin zai gagara. Sai dai idan aka ɓoye wa mai ji, ɓoyon ba ya cika, domin yakan tsinci magana a bakin ma'aikatan jinya, yakan tambayi na gadon kusa da shi, yakan kuma tsare likita da tambaya idan dangi sun fita. Kurma kuwa ƙofa ɗaya gare shi a ɗakin, wato hannun tafinta. Idan aka sauya magana a wannan hannun, matar za ta dangwala yatsa a takardar amincewa da tiyata tana zaton ƙaramin ƙari za a cire, ta farka ta tarar an cire mama gaba ɗaya, alhali likitan ya yi imani ya yi mata bayani ta kuma yarda.

Doka ma tana bayan tafintar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani da ke gabansa, cikin harshen da yake fahimta, ta kuma hana fitar da sirrinsa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta umarci asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman ga majinyacin da ke da matsalar ji ko magana. Haƙƙin sanin ciwo na mai ciwon ne, kuma idan ita da kanta ta zaɓi a gaya wa yayanta a ƙyale ta, wannan ma haƙƙinta ne, amma sai likita ya tambaye ta.

Inda nake saɓa wa wasu masu koyar da wannan aiki shi ne cewar da suke yi tafinta tamkar bututu ne, magana ta shiga ta nan ta fita ta can, ba ruwansa da sauran. A ɗakin likita wannan ƙa'ida takan yi kisa. Likita mai mutum 50 a layi zai ce ƙwaya biyu sau uku a rana bayan cin abinci, tafinta ya mayar da hannu, kurman ya gyaɗa kai. Duk wanda ya zauna da kurame ya san gyaɗa kan nan sau da yawa ladabi ne da gajiya, na mutumin da ya saba a yi magana a kansa yana zaune. Tafintan da ya ga alamar ba a fahimta ba ya yi shiru don "ba aikinsa ba ne" ya ci amana. Wanda kuma ya jira a fita waje ya shiga yi wa majinyacin bayanin magani daga kansa ya zama likitan da bai yi karatun likita ba. Abin da ya dace shi ne ya tsayar da zancen a gaban kowa, da baki da hannu lokaci guda, ya ce: "Likita, ina ganin bayanin nan bai shiga ba, a maimaita ko a zana masa a takarda."

Akwai ma lokacin da tafintan ne bai fahimta ba, kuma wannan ya fi wuyar furtawa. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu, irin Makarantar Kurame ta Jihar Filato da ke Bassa, ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun wadda suka gada daga kurame 'yan uwansu, sannan ga wanda sanƙarau ko ƙyanda ya tafi da jinsa tun yana yaro a ƙauye, bai taɓa shiga aji ba, alamunsa 'yan gidansu kaɗai suka san su. Tafintan da ya yi karatu a jami'a yana iya tsayawa gaban irin wannan majinyaci ya kama rabin zancensa, sai ya cike ragowar da hasashe don kada a ce bai iya ba. Gara ya ce bai gane ba, a nemo kurma ƙwararre da ya san alamun biyu ya tsaya tsakani, ko da hakan zai ja a ɗage ganin likita zuwa gobe.

Batun sirri kuwa a bayyane yake. Kuramen Jos sun san juna, kuma tafintan da ya fassara sakamakon gwajin ƙanjamau ko na sikila da safe shi ne zai fassara wa'azi ko ɗaurin aure a ƙarshen mako, wataƙila ma auren mai gwajin. Ko cewa "na gan ta a asibiti" bai kamata ya fito daga hannunsa ba. Haka kuma ya kamata a tambayi mace kurma ko ta fi son mace ta fassara mata a ɗakin awo da na haihuwa, sannan a daina ɗora wa yaro ɗan shekara 10 fassara ciwon mahaifiyarsa.

Sai dai duk wannan nauyi muna ɗora shi ne a kan mutumin da galibi ba ma'aikacin asibitin ba ne. Dangi ne suke kiransa, su ne suke ba shi kuɗin Keke Napep da na wahala, don haka idan Alhaji ya ja shi gefe, da muryar mai biya yake magana. Ƙungiyar tafintocin kurame ta ƙasa, ASLIN, da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman da ke Abuja suna da hurumin matsa wa manyan asibitoci su ɗauki tafintoci aiki da albashi, mata da maza, a sa su cikin jadawalin aikin dare kamar sauran ma'aikata. Matashiyar da na gani ta iya cewa a'a ranar nan, amma har suka shiga ɗakin likita ina tunanin ko yayan zai sake kiranta a zuwa na gaba.