Bambancin harafi ba ya raba zuri'a

Yana damuna yadda masu neman asalinsu ke watsar da tsohuwar takarda don kawai an rubuta sunan kakansu da wasu haruffa dabam. A ganinsu suna ɗaya rubutunsa ɗaya ne. A zamanin fasfo da kwamfuta, suna da hujja.

Amma a da, abin da kunnen magatakarda ya ji shi yake rubutawa, mai sunan kuwa sau da yawa bai iya karatu ba, balle ya gyara. Bajamushe mai suna Müller da ya koma Amurka a ƙarni na 19, ana iya samunsa Mueller a rajistar coci, Miller a takardar ƙidaya. Shekarar haihuwa, sunan matarsa da 'ya'yansa, da garin da ya zauna, su za a gwada a gane shi ne.